Gora Aka Ce a Fafe, Ba Rijiya Aka Ce a Ɗauka Ba

Na karanta rubutun da ɗan'uwana marubuci ya yi a fitowar da ta gabata game da jagorancin wasan kwaikwayo na kan tebur, na kuma maimaita karatun don kada in yi masa rashin adalci. Matsayinsa a fili yake. Duk wanda zai ja ragamar doguwar tafiya a irin wannan wasa, in ji shi, dole ne ya ware mata sa'o'i masu yawa kowane mako, ya zana taswirori, ya rubuta tarihin masarautu, ya tsara inda labari zai faro da inda zai tuƙe. Wanda ba shi da wannan lokaci ya tashi ya ba masu shi kujerar, domin zuwa gaban jama'a da 'yar takarda guda raini ne ga mutanen da suka baro harkokinsu suka zo. Ya rufe da karin maganar da muka taso muna ji, cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Karin maganar gaskiya ce, kuma da ita zan ba Malam amsa. Gora aka ce a fafe. Matafiyi yana buƙatar abin da zai riƙe masa ruwa daga wannan zango zuwa na gaba, kuma abin da wuyansa zai iya ɗauka. Abin da Malam yake nema daga jagora ya wuce gora, ya kai ga haƙa rijiya a ɗora a ka. Mai wannan kaya ba ya nisa, kuma sau da yawa ko ƙofar gari ba ya fita.

Ga wanda bai taɓa zama a irin wannan tebur ba, ga yadda abin yake. Mutum huɗu ko biyar ne ke haɗuwa, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, wani mayaƙi, wani mai sihiri, wani ɗan leƙen asiri. Mutum guda, wato jagora, shi ke bayyana musu duniyar da suke ciki, yana kuma magana da bakin duk wanda suka ci karo da shi, daga sarki har mai tallan ruwa. 'Yan wasa su faɗi abin da jarumansu za su yi. Inda sakamako yake da shakka sai a jefa ɗan ludo, wani mai fuska shida, wani mai fuska ashirin, ya raba gardama. Ba a sa kuɗi, babu wanda ake cinyewa. Doguwar tafiya kuwa ita ce labari guda da ake ci gaba da shi zama bayan zama, wata da watanni, wani lokaci har shekaru.

Malam ya jingina hujjarsa da magabatan wasan, ya ce haka suka yi, don haka bari mu leƙa abin da suka bari. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva, a jihar Wisconsin ta Amurka, cikin ƙananan littattafai uku. Gaskiya ne littafin farko ya buƙaci jagora ya zana taswirar hawa kamar shida na kogon ƙarƙashin ƙasa kafin a soma. Wannan kam na ba Malam. Sai dai littafi na uku ya bayyana yadda za a cika waɗannan ɗakuna: jagora ya yi tunani ya ajiye manyan dukiyoyi kaɗan tare da masu gadinsu, sauran ɗakunan kuma ya bar wa ɗan ludo ya faɗi wanne ne da dodo, wanne ne da dukiya, wanne ne fayau. A 1979, cikin littafin jagora da Gygax ya rubuta, akwai rataye guda da aka keɓe don ƙirƙirar kogo gaba ɗaya ta hanyar jifa, daga lungu zuwa ƙofa zuwa tarko. Haka kuma a shahararren labarinsa The Keep on the Borderlands, wanda ɗimbin mutane suka koyi wasan da shi, mazauna ganuwar da ke cikin labarin ba su da sunaye. Akwai mai riƙon ganuwa, akwai maƙeri, akwai mai masauki, amma raɗa musu suna an bar wa tebur. Mutanen da suka ƙirƙiro wannan abu sun san cewa jagora mutum ne mai aiki da iyali, shi ya sa suka cika littattafansu da jadawalin da zai ɗauke masa nauyi. Ƙaramin shiri yana cikin wasan tun ranar haihuwarsa.

Babban saɓanina da Malam yana wurin abin da ake shiryawa. Ya ce jagora ya tsara labari daga farko zuwa ƙarshe. To, wa zai yi labarin? Marubucin littafi shi kaɗai ne da alƙalaminsa, jaruminsa ba ya yi masa musu. Malam ya kawo misalin Tolkien, wanda ya shafe shekaru da dama yana gina harsuna da tarihin duniyarsa kafin The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955. Amma mai karanta Tolkien ba zai iya dakatar da shi a shafi na hamsin ya ce shi kam gabas zai nufa ba. A tebur kuwa, jarumai mutane ne masu rai da ke zaune a gabanka, kuma gabas ɗin za su nufa. Daga nan jagoran da ya rubuta shafi talatin game da yamma yana da zaɓi biyu: ko ya jefar da aikin mako biyu, ko ya karkato da mutane da ƙarfin tsiya. Ɗan Adam yana jin ciwon guminsa, don haka yawanci na biyun yake zaɓa. Masu wasan suna kiran wannan hali ɗora mutane a kan layin dogo, domin jirgin ƙasa ba ya ratse, fasinja sai dai ya leƙa ta taga.

Na san wannan ciwo domin na taɓa shi. Akwai lokacin da na ɗauki makonni biyu ina rubuta rikicin gadon sarauta a wani birnin bakin kogi, da 'ya'yan sarki uku, da waziri mai fuska biyu, da ranar da kowane asiri zai tonu. Ranar zama, kafin jarumai su kai fada sai da suka haye kogi, na kuwa ƙirƙiro musu wani tsohon mai kwalekwale nan take, na ce fuskarsa a murtuke take domin ɗansa ya kwana uku bai dawo gida ba. Magana ce ta cike gurbi. Amma abokaina suka manne wa tsohon nan, suna tambayar ina yaron ya saba zuwa, su wa yake bi, me ya sa a jikinsa ranar da ya fita. Sau uku ina aiko musu da ɗan saƙo daga fada, sau uku suna komawa bakin kogi, har na rufe ƙofar da cewa tsohon ya tafi. Bayan an tashi, ɗaya daga cikinsu ta gaya mini cikin ladabi cewa ta ji kamar kallo ta zo yi. Maganar ta zauna mini. A daren da na fi kowane dare shiri, a daren ne na fi tauye wa mutanena haƙƙinsu. In akwai raini a tebur, to wannan ne: mutum ya nuna maka abin da ya kama zuciyarsa, kai kuma idonka na kan takardarka.

Ba ni na fara gane haka ba. Justin Alexander, wanda ya daɗe yana rubutu kan sana'ar jagoranci, ya yi bayani a 2009 cewa abin da ya kamata a shirya shi ne halin da ake ciki, a bar jerin abubuwan da za su faru. Bambancin yana da girma. Jerin abubuwa yana cewa jarumai za su je fada, su ji waziri yana ƙulla makirci, su bi shi zuwa kurmi. Da zarar sun ƙi zuwa fada, komai ya rushe. Halin da ake ciki kuwa yana cewa waziri yana son sarautar, yana da mutum goma da jakar zinariya, kuma nan da kwana bakwai zai sa wa sarki guba in ba a tare shi ba. Wannan layi uku ne, kuma duk inda jarumai suka dosa yana nan da ransa, domin jagora ya san abin da waziri yake so, saboda haka ya san abin da zai yi. Shi dai Alexander ɗin ya ba da wata shawara tun 2008: duk gaskiyar da kake son 'yan wasa su gano, ka tanadar mata alamu uku, domin za su iya wuce ta farko, su yi wa ta biyu mummunar fahimta. Wannan shiri ne na gaske, yana buƙatar tunani, amma ba ya cin mako.

Tun da Malam ya ce 'yar takarda guda raini ce, bari in buɗe masa tawa ya ga abin da ke ciki. Tsarin da nake bi na samo shi ne daga Mike Shea, wanda ya fitar da littafinsa Return of the Lazy Dungeon Master a 2018, inda ya jera matakai takwas. Ni dai minti arba'in nake samu a daren Juma'a bayan yara sun kwanta, ga kuma yadda nake kashe su.

Da farko ina rubuta sunayen jaruman, in tuna abin da kowannensu yake nema. Wannan yana bin bashin jinin ɗan'uwansa, waccan tana ɓoye asalinta, wancan yana son ya mallaki jirgin ruwa. Minti biyar ne, amma su ne mafi tsada, domin daga nan kowane ɗan wasa zai ga an tuna da shi. Sai in tsara buɗewa mai ƙarfi, ita kaɗai ce wurin da nake da tabbacin za a bi. Misali: gari ya waye, ayari ya tashi ya tarar raƙuma biyu sun mutu a bakin rijiya, mai gadin rijiyar kuma babu shi babu dalilinsa. Babu wanda zai tsaya duba wayarsa bayan wannan.

Daga nan sai zuciyar shirin, wato asirai goma, kowanne jimla guda. Mai gadin ba guduwa ya yi ba, bashi ne ya jefa shi hannun 'yan fashi. Gubar daga rumfar wani mai magani a birni ta fito. Madugun ayarin ya san da zuwan harin tun jiya. Hikimar ita ce ba na ɗaure kowane asiri da wuri ko mutum. In jarumai sun kama ɗan fashi, daga bakinsa zai fito. In sun bincike bukkar mai gadi, a takardar bashi za su gan shi. In sun zauna da almajirin da ke bara a bakin zango, shi zai faɗa. Duk hanyar da suka bi, labari yana gabansu, kuma su ne suka tono shi da dabararsu. Sauran lokacin ina rubuta wurare uku, kowanne da abu biyu ko uku da ido zai kama, in zaɓi abokan gaba daga littafi, in ajiye ladan da zai dace da ɗaya daga cikin jaruman. A bayan takardar kuma akwai sunaye ashirin da ba su da masu su tukuna, domin ranar da wani mai kwalekwale zai sake fitowa, in sami abin kiransa ba tare da in-ina ba.

Wannan ita ce gorar. An fafe ta kafin ranar tafiya, an wanke, an cika. Abin da ba a yi amfani da shi ba a wannan zama, ko ya wuce zama na gaba ko a share shi ba tare da baƙin ciki ba, tun da jimla guda ce.

Akwai wasannin da aka gina su kacokan a kan wannan fahimta. Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, ya hana jagora zuwa zaman farko da shiryayyen labari. Aikinsa a ranar shi ne ya yi ta yi wa 'yan wasa tambayoyi game da jarumansu, ya gina duniya da amsoshinsu. Blades in the Dark na John Harper, na 2017, ya zo da dabarar agogo: a zana da'ira a raba ta gida huɗu ko shida ko takwas, a rubuta haɗarin da ke tafe a kanta, duk kuskuren da aka yi a cike gida. Kowa yana ganin masifa tana matsowa, jagora bai rubuta shafi ko ɗaya ba. Fiasco na Jason Morningstar, na 2009, ba shi da jagora sam, kuma ana kammala labarinsa a zama guda. Waɗannan mutane sun zauna sun nazarci abin da ke sa tebur ya yi armashi, suka gano cewa kawuna biyar sun fi kai ɗaya ƙirƙira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun san wannan tun kafin su.

Ina zargin ma'aunin da Malam yake auna mu da shi daga allo ya ɗauko shi. Ya ambaci Critical Role da jagoransa na farko Matthew Mercer, shirin da aka fara watsawa ta intanet a 2015. Ni ma ina kallo, ina kuma jinjina musu. Amma waɗannan ƙwararrun masu sa murya ne a finafinan zane da wasannin kwamfuta, wasan ya zama sana'arsu, suna da kamfani da ma'aikata, har a 2019 masoyansu suka tara musu sama da dala miliyan 11 don a mayar da labarinsu fim ɗin zane. Suna yi ne don dubban masu kallo. Malamin makaranta da ke tara abokansa huɗu a falonsa ranar Asabar yana yi ne don mutum huɗun nan, kuma su ba kallo suka zo yi ba. Wanda ya auna girkin gida da na gidan biki zai raina abincin da ya raya shi.

Yanzu bari in faɗi inda Malam yake da gaskiya, domin yana da ita. Akwai jagoran da ke zuwa hannu rabbana, bai tuna inda aka tsaya ba, ya manta sunan mugun da aka shafe wata uku ana farauta, yau ya ce birnin yana gabas gobe ya ce yana kudu. Wannan sakaci ne, kuma ba na kare shi. Maganinsa minti goma ne bayan an tashi, tun abin yana da ɗumi: a rubuta sunayen da aka ƙirƙira, alkawuran da aka ɗauka, da wanda aka ɓata wa rai. A kuma tambayi 'yan wasa inda suke son dosa a zama na gaba, sai a shirya wannan kaɗai. Haka nan akwai labaran da ba sa yafe ƙaramin shiri. Masks of Nyarlathotep, wanda ya fito a 1984 don wasan Call of Cthulhu, bincike ne da ke yawo da jarumai daga New York zuwa Landan, Alƙahira, Kenya da Shanghai, alamunsa a sarƙe da juna. Wanda zai ja shi dole ya karanta shi sosai, ya kuma sake bita. Darasin da ke nan shi ne mutum ya zaɓi kayan da ya yi daidai da wuyansa. Mai minti arba'in ya ɗauki wasan da minti arba'in ke isa, ya bar wancan sai ya sami sarari. Hukuncin da Malam ya yanke, cewa ya tashi daga kujerar baki ɗaya, shi ne ban yarda da shi ba.

Akwai kuma shirin da agogo ba ya ƙirgawa. Kakanninmu da ke yi mana tatsuniya da dare ba su taɓa rubuta komai ba, amma ba wanda zai ce ba su shirya ba. Sun san halin Gizo, sun san Ƙoƙi, sun san yadda kura take faɗa wa tarkon kwaɗayinta, sannan suna kallon fuskokinmu a hasken fitila. In sun ga ido ya fara lumshewa su gajarta, in sun ga mun tsorata mun matso su ja zaren. Shirinsu shi ne shekarun da suka yi suna saurare. Jagora ma haka yake. Kowane littafi da ya karanta, kowace rigimar gado da ya ji labarinta, kowane dillali da ya gani yana ciniki a kasuwa, duk suna cikin gorarsa. Bambancinsa da mai tatsuniya ɗaya ne: nasa masu sauraron su ne Gizon, su za su faɗi dabarar da za a yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tunanin wanda zai karanta rubutun Malam ya karaya. A wannan wasa masu son bugawa kullum sun fi masu son jagoranci yawa, kuma in jagora ya ajiye, tebur ne gaba ɗaya ya watse. Tafiye-tafiyen da na ga sun mutu a hanya, ban ga wadda ƙarancin taswira ya kashe ba. Ɗagewa ce ke kashe su. Jagora ya ce wannan makon bai gama shiri ba, a bari sai na gaba. Na gaba ya zo da biki, na bayansa da rashin lafiyar yaro, kafin a ankara an yi wata biyu, kowa ya manta sunan jaruminsa, kunya kuma ta hana a sake kiran juna. Sharaɗin da Malam ya gindaya zai kori ma'aikaciyar jinya da ke kwana a bakin aiki, da ɗan kasuwar da ba ya rufe shago sai bayan isha'i, da uwar da ba ta da sa'a guda tata, da ɗalibin da jarrabawa ta sa a gaba. Waɗannan kuwa su ne suka fi sanin mutane, su ne bakinsu ya fi cika da labari.

Na koma wa tsohon mai kwalekwale daga baya. A zama na gaba na ajiye shafukan fada, na zo da takarda guda, na buɗe da cewa an tsinci hular yaron a cikin ciyawar bakin kogi. Neman yaron nan ya ɗauke mu watanni, ya kuma kai jarumai har cikin fadar da na so in tura su da ƙarfi, amma ta ƙofar da suka zaɓa da kansu, domin waziri ne ya sa aka ɗauke shi. Ban san haka ba ranar da na ƙirƙiro tsohon. A tebur muka gano, ni da su tare.

Malam, ina girmama guminka, kuma in sa'o'in da kake kashewa suna faranta maka rai, Allah Ya ƙara maka lokaci. Roƙona kawai kada ka mayar da abin da kake jin daɗinsa ya zama kuɗin shiga ga kowa. Kai kuma da ka karanta wancan rubutu ka mayar da 'yan ludonka cikin aljihun tebur, ciro su. Nemi takarda guda da rabin sa'a, rubuta abin da mutanenka suke nema, da yadda gari zai waye musu, da asirai goma. Sannan ka kira su ka ce Asabar tana nan.